Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, Inna kuma ta hana shi motsi

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a nan Tawa, kuma gidana ba shi da nisa da gidan iyayena. Wata 4 ke nan da mahaifinmu, mai shekara 64, ya faɗi a shagonsa na kasuwa, aka kai shi asibiti, likitoci suka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama. Yanzu maganarsa ta dawo, sai dai da ɗan nauyi, yana iya tsayuwa idan an riƙe shi, amma hannun dama ya ƙanƙame. Da aka sallame mu an haɗa mu da kine mai koya masa motsa gaɓoɓi, muka je ƴan lokuta, sannan muka daina saboda kuɗin mota da wahalar ɗaukarsa. Inna ta ce hutu ne maganinsa. Ita ke ba shi abinci a baki saboda ya ƙi ci da hagu, ita ke yi masa alwala, ko buta ba ta bari ya ɗaga, tana tsoron kada ciwon ya dawo. Baffanmu, ƙanensa, yana kawo wani mai magani da ke gasa hannun da ruwan zafi yana jan sa da ƙarfi, har Baba ya yi hawaye. Yayanmu da ke Abijan yana aiko kuɗi, ya ce a kai shi Yamai kawai. Shi kuwa Baba ko zaure ya daina fita, ya ce ba zai yarda mutanen da suka san shi da ƙarfinsa su gan shi da sanda ba. Ina ganin kullum ƙara raunana yake yi, amma ni ce ƙarama, kuma mace, ina tsoron a ce na raina manya. Yaya zan yi?

Ɗiya mai damuwa, daga Tawa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Abin da idonki ya gani gaskiya ne. Mutumin da ya wuce kwanakin farko na wannan ciwo har likita ya sallame shi, doguwar kwanciya ba ta ƙara masa komai sai rauni. Naman jikin da ba ya aiki yana zubewa cikin makonni kaɗan, gaɓoɓi suna sandarewa har a kasa miƙe su, fata tana yin gyambo a inda ake yawan kwanciya a kai, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, ciki yana ɗaurewa, zuciyar mutum kuma tana karaya. Saboda haka ki cire wa ranki cewa damuwarki raini ce ga manya.

Yana da kyau ki fahimci abin da ya faru, domin da shi za ki iya yi wa kowa bayani cikin ladabi. Asalin ciwon yana cikin ƙwaƙwalwa, inda wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe, sai wani yanki ya rasa jini ya lalace. Tun da dama ce ta shanye, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ya taɓu, kuma a yawancin mutane nan ne cibiyar magana take, shi ya sa harshensa ya yi nauyi. Yankin da ya lalace ba ya dawowa, amma sassan da ke kewaye da shi suna iya koyon aikinsa. Kin san idan ruwan damina ya cinye hanya, masu wucewa sukan ratsa ta gefe, kuma yawan bi ne ke mayar da wannan ratse hanya sosai, idan aka daina bi ciyawa ta rufe shi. Haka saƙon da ke fitowa daga kai zuwa hannu da ƙafa yake samun sabuwar mafita, ta hanyar maimaita motsi sau da yawa kowace rana, kuma motsin da mutum ya yi niyya ya ƙoƙarta da kansa ya fi wanda aka yi masa amfani nesa ba kusa ba. Sauƙi ya fi saurin samuwa a wata 3 zuwa 6 na farko, Baba kuwa yana wata na 4, don haka bai kamata a ƙara jinkiri ba. Bayan wannan lokaci ma ana ci gaba da samun ƙaruwa har shekaru, sai dai a hankali. Ba zan yi miki alkawarin zai koma yadda yake a da ba, kuma sau da yawa ƙafa tana rigan hannu dawowa, amma mutumin da ke iya tsayuwa da taimako a yanzu yana da kyakkyawan fatan ya yi tafiya, ya kai kansa makewayi, ya ci abinci da hannunsa.

Inna ce za ki fi yi wa haƙuri. Mace ce da ta ga mijinta ya fita lafiya da safe, aka kira ta ta same shi kwance ba ya iya kiran sunanta, kuma tun daga ranar hidima ce kaɗai abin da ya rage a hannunta na kare shi. Tsoronta yana da tushe, domin wanda ciwon ya taɓa kamawa ya fi wanda bai taɓa yi ba haɗarin sake kamuwa. Sai dai abubuwan da ke dawo da shi sanannu ne: hawan jinin da ba a daidaita ba, barin shan magani da zarar an ji sauƙi, ciwon sukari, taba, yawan gishiri, da kuma rashin motsi kansa. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa a cikin dalilan wannan ciwo a yankinmu, motsa jiki daidai gwargwado kuwa yana daga cikin abubuwan da ke saukar da shi. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka, a shawarwarinta na 2021 kan hana ciwon dawowa, ta ce wanda zai iya ya riƙa yin motsi mai ɗan sa numfashi ya ƙaru na aƙalla minti 10 sau 4 a mako. Kada ke ki zama mai gaya wa Inna ta yi kuskure. Ki tafi da ita wajen likita, ki yi tambayar a gabanta kamar ke ce mai tsoron, ta ji amsar daga bakinsa. Daga nan ki roƙe ta ta zama ita ce mai kula da atisayen, ita ke tsayawa kusa da shi, ita ke ƙirga masa, ita ke tuna masa lokaci. Ƙa'idar da za ku bi a gidan ita ce, duk abin da zai iya yi ko da zai ɗauki lokaci a bar masa, abin da yake iya rabinsa ya fara a ƙarasa masa, wanda ya gagare shi gaba ɗaya ne kaɗai za a yi masa. Tsayawa tana kallonsa yana fama da hannun riga alhali tana iya sa masa nan take zai yi mata ciwo ƙwarai, don haka ki riƙa yaba mata a kan wannan juriya.

Kafin a fara komai, a koma wajen likitan da ya duba shi, a auna jininsa da sukarinsa, a saurari zuciyarsa, a tambaye shi kai tsaye wane irin motsi ya dace da Baba, kuma awon jini nawa ne idan an gani za a fasa atisaye a ranar. Da yawa daga cikin likitoci sukan ce a dakata idan awon ya kai wajen 18/11 (wato 180/110) alhali mutum yana zaune yana hutawa, amma ku riƙe adadin da nasa likitan ya ba ku. Idan yana ƙwarewa ko tari lokacin shan ruwa ko fura, a faɗa a ranar. Sannan a koma wajen kine da wani sabon tsari mai sauƙin kuɗi. Ki bayyana masa halin da kuke ciki, ki nemi ya riƙa ganin Baba sau ɗaya a mako biyu ko ma a wata, ya koya muku abin da za ku yi a gida, ki ɗauki bidiyon yadda yake yi da wayarki idan ya yarda, ki kuma tambaya ko akwai mai iya zuwa gida. Ai mafi yawan aikin a tsakar gida ake yin sa.

Atisayen da ya fi kowane daraja a wannan mataki shi ne tashi daga zaune. A samo kujera mai ƙarfi wadda ba ta da zurfi, a jingina ta da bango, Baba ya matso bakinta, ya ja ƙafafunsa baya kaɗan su daidaita, ya karkato gaba ya miƙe, yana ƙoƙarin ɗora nauyinsa a kan ƙafafun biyu, sannan ya koma zaune a hankali ba tare da ya saki jiki ya faɗa ba. Ya fara da sau 5, safe da rana da yamma, idan ya saba a kai 10. Idan ya tsaya, ya dafa bakin taga ko wani abu da ba ya motsi, ya riƙa mayar da nauyinsa daga hagu zuwa dama, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye, ya ɗaga ɗayar. Mai taimaka masa ya tsaya ta gefensa na dama, ɗan baya kaɗan, ya riƙe shi ta ƙugu, a ɗaura masa rawani ko zane mai ƙarfi a ƙugun domin a samu abin kamawa. Tunda Inna ba za ta iya tare nauyinsa ba idan ya tafi zai faɗi, a sa wani saurayi daga cikin jikoki ko maƙwabta ya riƙa kasancewa a makonnin farko.

Daga nan sai tafiya. A share masa hanya ɗaya a tsakar gida, inda ƙasa take da tauri, domin rairayi mai zurfi yana kama ƙafar da ba ta ɗaguwa sosai. A kawar da tabarmi da igiyoyi da turmi da bokitai, a kori awaki da kaji lokacin da zai fito, ya sa takalmi mai riƙe diddige, silifa kam a ajiye su. Sanda a hannun hagu zai riƙe ta, wato gefen da ke da ƙarfi, kuma kine ne zai faɗi ko mai ƙafa ɗaya ce ta dace ko mai ƙafa huɗu. Idan yatsun ƙafar dama suna jan ƙasa, a nuna masa, domin akwai abin da ake ɗaurawa a idon sawu ya tallafe ta. Ya fara da minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, ana ƙara minti ɗaya bayan ƴan kwanaki. Ma'aunin da za ku riƙe shi ne numfashinsa ya ɗan ƙaru amma yana iya magana. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ba manya shawarar minti 150 a mako, har da masu naƙasa gwargwadon iyawarsu, amma wannan wurin zuwa ne na watanni masu zuwa, kada ki auna shi da shi yanzu. Kin fi ni sanin zafin Adar, inda rana kan wuce digiri 40 a bazara, don haka bayan asuba da bayan la'asar ne lokutansa, kuma ya sha ruwa kafin ya fara da bayan ya gama. Gajiyar da ke biyo bayan wannan ciwo ta gaske ce, ba lalaci ba ne, a ba shi hutu tsakanin atisaye, amma ya yi hutun rana a zaune gwargwadon hali.

Batun hannu shi ne inda nake so ki yi gaggawa, saboda abin da mai maganin nan yake yi yana iya jawo illar da za ta daɗe. Kafaɗa gaɓa ce da naman jiki ke riƙewa, idan naman ya yi rauni ƙashin hannu yakan zame daga mazauninsa, kuma ja da ƙarfi yana yaga abin da ya rage, ya bar mutum da ciwon kafaɗa na watanni wanda zai hana shi atisayen ma. Ɓarin da ya shanye kuma sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, ruwa yana iya ƙona shi ya saɓule fata kafin ya ankara. Kowa a gidan ya sani cewa ba a ɗaga Baba ta wannan hannu, ba a jan sa ta hammata, kuma idan yana zaune a ɗora hannun a kan matashi kada ya yi ta lilo. Abin da hannun ke buƙata shi ne a riƙa buɗe yatsun a hankali ana miƙe su ba tare da an kai ga ciwo ba, ya haɗa hannayensa biyu ya tura tsumma gaba da baya a kan tebur, ya shimfiɗa tafin a kan cinyarsa ko kan dakali ya ɗan dogara da shi. Mutane sukan ba irin wannan majinyaci ƙwallo ya yi ta matsawa, amma hannun da ya riga ya ƙanƙame koyon buɗewa da saki ya fi buƙata. A sa hannun cikin ayyukan yau da kullum: ya danne kwano da shi yayin da hagu ke aiki, ya shafa fuska da shi wajen alwala ko da hagu ce ke tallafa masa, idan yatsu sun fara motsi ya riƙa ɗaukar dabino ɗaya bayan ɗaya yana sakawa a ƙwarya, ya ja carbi. A naɗa wa mariƙin cokali tsumma ya yi kauri domin ya kamu. Kafin dama ta iya, a nemi malamin da Baba ke girmamawa ya bayyana masa hukuncin mai lalura wajen ci da hagu, domin ciyar da kansa zai dawo masa da wani abu na mutuncinsa.

Baffa ma ƙaunar ɗan'uwansa ce ta sa yake wannan ɗawainiya, kuma ba ke ce za ki tare shi ba. Ki kira Yaya ki yi masa bayanin kafaɗa da ƙuna kamar yadda na yi miki, shi ya yi magana da Baffa, ko ku gayyaci Baffa ya raka ku wajen kine ya ji da kunnensa. Addu'a da shafa mai a hankali babu wanda zai hana, abin da za a daina shi ne ja, da ruwan zafi, da tsaga, da duk wani jiƙo da ba a nuna wa likita ba, musamman idan Baba yana shan maganin tsinka jini. Idan aka ba Baffa aikin zuwa kowace yamma ya raka wansa tafiya, zai ji ba a ture shi gefe ba.

Shi kuwa Baba, ina jin nauyin abin da ke zuciyarsa. Mutumin da ya saba a zo gaishe shi a shago ya miƙa hannun dama, yau hannun ba ya miƙuwa, ga harshe da nauyi, ba abin mamaki ba ne ya ɓuya. Amma ki lura da shi sosai, domin kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka yi wannan ciwo suna faɗawa cikin ciwon damuwa mai tsanani, wanda ke da alaƙa da raunin ƙwaƙwalwar kanta, kuma yana da magani. Idan ba ya barci, ba ya son abinci, yana yawan kuka ko cewa gara ya mutu, a gaya wa likita a fili. Kada ki yi masa maganar atisaye kamar ana ba yaro umarni. Ki tambaye shi abin da ya fi kewa, wataƙila sallar jam'i ce a masallacin unguwa, wataƙila zaman shago ne, sai ku mayar da wannan abin da ake nufa: wannan mako ƙofar ɗaki, na gaba zaure, daga nan dakalin ƙofar gida da asuba lokacin da mutane ba su yi yawa ba. Ya riga ya san hadisin da ya ce a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe, don haka kujera a ƙarshen sahu ba abin kunya ba ce. Ki roƙi amininsa guda ɗaya, wanda ba ya yawan surutun tausayi, ya fara zuwa su sha shayi a zaure, ya riƙa neman shawararsa a kan harkar kasuwa. Hirar ma atisaye ce ga harshensa.

Game da Yamai, tafiyar ta fi kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kuma tana da amfani idan likitansa ya ce akwai hoton kai ko gwajin zuciya ko ganin ƙwararre da ake buƙata, a je a yi a dawo. Amma kai shi can ya zauna watanni a gidan mutane, nesa da abokansa da masallacinsa, ba zai maye gurbin aikin kullum ba. Ki gode wa Yaya, ki rubuta masa inda kuɗinsa zai fi amfani: maganin hawan jini da ba zai yanke ko kwana ɗaya ba, na'urar awon jini ta gida, kuɗin kine da na mota, sanda, kujerar makewayi domin tsuguno yana da haɗari a gare shi yanzu, da ƙarfen dafawa a bangon wurin wanka. Inna kuma ta rage gishiri da dunƙulen magi da kanwa a tukunyar gidan gaba ɗaya, domin abin da ake so babba ya ci bai kai giram 5 na gishiri a rana ba.

Akwai alamun da kowa a gidan zai haddace. Idan yana atisaye ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya gagare shi, ko zuciyarsa tana bugawa ba daidai ba, ya tsaya ya zauna, a kai shi likita a ranar. Idan kuwa bakinsa ya sake karkacewa, ko wani sabon rauni ya zo, ko magana ta rikice, ko gani ya dushe, ko kansa ya yi wani mugun ciwo farat ɗaya, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, kada a ba shi ruwa ko magani a baki, a wuce asibiti nan take ko da alamun sun gushe a hanya.

Ke ma kina da gidanki da mijinki, don haka ki sanar da maigidanki tsarin tun farko, ku raba kwanaki da sauran ƴan'uwa, kada komai ya taru a kanki da Inna. Ki sayi ƙaramin littafi ya zauna a ɗakin Baba, a riƙa rubuta awon jininsa, da sau nawa ya tashi daga kujera, da minti nawa ya yi tafiya, ku tafi da shi duk ranar ganin kine, kuma ki riƙa aika wa Yaya hotonsa. Bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini abin da ke cikinsa, da yadda Inna da Baffa suka karɓi maganar, mu duba mataki na gaba. Ki gaishe mini da Inna da jinya, Allah ya ba Baba lafiya mai ɗorewa.